Amsoshin Tambayoyinku: baƙin man motar gudu da lokacin juye

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon sun karkata ne kan motocin gudu, irin masu ƙofa biyun nan da ke kwance da ƙasa, da kuma baƙin man da ake zuba musu. Muna tare da injiniyanmu kamar kullum. Injiniya, barka da zuwa.

Injiniya: Barka kadai, Malama.

Mai gabatarwa: Wasiƙar farko daga wani mai saurare ce da ya sayi BMW M3 ƙirar 2011. Ya ce littafin motarsa ya ce a zuba 10W-60, shi kuwa abokinsa mai Toyota GR86 0W-20 yake zubawa, mai ruwa-ruwa. Yana tambaya, tunda duka motocin gudu ne, ko dai ɗayansu ne aka yi wa sakiyar da ba ruwa?

Injiniya: Ba wanda aka cuta. Lambobin nan biyu kaurin mai suke nunawa a yanayi biyu. Ta farko, mai harafin W, ita ce yadda man ke gudana da sanyi, harafin ma daga kalmar hunturu ta Turanci aka ɗauko shi. Mai 0W ana gwada shi a digiri 35 ƙasa da sifili, mai 10W kuma a digiri 25 ƙasa da sifili. Ta biyun ita ce kaurinsa in ya kai digiri 100, wato lokacin da inji ya ɗau zafi sosai. Injin M3 ɗinsa mai silinda takwas ne, yana haura juyi 8,000 a minti ɗaya, kuma BMW ta zaɓa masa mai kauri tun daga masana'anta. Injin GR86 kuwa famfon mansa da hanyoyin da man ke bi duk an auna su ne da mara kauri.

Abin da nake yawan gani shi ne mutum ya ɗauka ƙarin kauri ƙarin kariya ne, sai ya narka wa injin da ke son 0W-20 mai 60. Da safe man zai yi nawa kafin ya hau saman inji, alhali a waɗannan daƙiƙun farko ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. Ga shan fetur, ga ƙarin zafi.

Kuma kauri ma rabin labari ne. Juya jarkar ka duba bayanta. Porsche tana da lambobin amincewa kamar A40 da C40, Mercedes tana da 229.5, BMW tana da Longlife-01. Jarka biyu za su iya zama 5W-40 dukkansu, ɗaya ta ci jarrabawar kamfanin motarka, ɗayar ko zama ba ta yi ba. Ni lambar nan nake fara nema kafin sunan kamfanin man. In motar mai tarbo ce, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, kuma tana fesa fetur kai tsaye cikin silinda, a nemi alamar ingancin mai ta API SP, wadda ta fito a 2020, saboda an tsara ta ne don hana fetur kamawa da wuta kafin fulogi ya ba shi, matsalar da kan fasa fistin.

Mai gabatarwa: To, ga wata baiwar Allah. Ta ce motarta sai ƙarshen mako take fita da ita, cikin shekara biyu kilomita 4,000 kacal ta yi, kuma littafi ya ce juye sai an yi 15,000. Ta jira ke nan?

Injiniya: Hajiya, ki koma ki ƙarasa karanta layin. Kusan kullum za ki ga an rubuta kilomita kaza ko wata kaza, duk wanda ya riga zuwa. Yawancin kamfanoni shekara ɗaya suke bayarwa, wasu biyu. Ni dai shekara ɗaya nake cewa.

Wannan tambayar ta fi ta farko muhimmanci a wurina, don motar da ake lallaɓawa ta fi wadda ake tuƙawa kullum wahalar da man injinta. Duk lokacin da fetur ya ƙone yana haifar da tururin ruwa. Wani kaso na tururin, haɗe da ɗanyen fetur, yana silalewa ta gefen ringi ya faɗa cikin man. In kika yi tafiya mai nisa man ya kusanci digiri 100, sai su tashi su fita. In kuwa tayarwa kike yi ta minti biyar a gareji ki kashe, suna nan zaune, suna tsinka man, suna zama asid. Na taɓa buɗe murfin man wata mota da mai ita ke alfahari bai taɓa wahalar da ita ba. Ƙarƙashin murfin wani farin kumfa ne mai yauƙi ya daskare, na sa yatsa na lakato na nuna masa, na kuma miƙa masa sandar awon man ya shinshina. Warin fetur zalla. Shiru ya yi.

Mai gabatarwa: Wato tayar da ita kowace safiya ba gata ba ne?

Injiniya: Ko kaɗan. Gara a bar ta a kashe, ranar da za a fita a yi tafiyar rabin awa ko fiye. Sannan kada allurar zafin ruwa ta ruɗe ki. Ruwan lagireto yana riga mai ɗumama da mintuna, don haka a saurara da taka totur har sai shi ma man ya ɗau zafi.

Mai gabatarwa: Wani matashi kuma ya ce yakan kai motarsa filin tsere lokaci-lokaci. Ya koma man tsere gaba ɗaya?

Injiniya: In motar tana hawa titi, a'a. Man tsere an yi shi ne don injin da za a juye wa mai bayan kowace gasa. Yawancinsa sinadarin wanke datti kaɗan ne a ciki, sinadarin zinki da fosfaras kuma da yawa, shi kuwa fosfaras yana kashe matatar hayaƙin da ke jikin salansa. Ya tsaya kan sintetik, wato man da aka haɗa da sinadarai a masana'anta, mai lambar amincewar kamfanin motarsa, ya duba littafi, don motoci da dama suna da shafi na musamman kan filin tsere. Ya auna mai kafin ya shiga da kuma tsakanin zagaye, saboda a kwana mai tsanani man yakan kwaranya gefe guda, famfo ya zuƙi iska. Shi ya sa motoci irin Corvette ta 2020 suke da tankin mai daban da inji. Bayan yini ɗaya ko biyu a fili, in man ya sha zafi sosai, ya yi juye, har da filta. Kafin ya kashe inji kuma ya yi zagaye ɗaya a hankali, kada man ya ƙone a cikin tarbo.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe gajeriya ce. Wani ya ce mako biyu da juye man ya yi baƙi, ko jabu aka sayar masa?

Injiniya: Launi ba ya shaida. Man da ya yi baƙi sau da yawa aikinsa yake yi, ya kwaso datti ya riƙe. In yana son tabbaci, ya ɗebi kaɗan a kwalba ya aika ɗakin gwaji, za su gaya masa yawan ƙarfe, tagulla, ƙura da fetur da ke ciki. Abin da zai fi sa wa ido shi ne tsayin man a jikin sanda, mota na kan shimfiɗaɗɗen wuri. Masu Mazda RX-8 ma su ninka kula, don injinta da gangan yake ƙona mai kaɗan-kaɗan.

Mai gabatarwa: Mun gode, Injiniya. Masu tambaya kan man giya da man birki ku yi haƙuri, lokaci ya ƙure mana, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.