Dokar Turai ta isa ta hau kan shafin da ke wata ƙasa?

Rabi: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Rabi ce, tare da Malam Sani da Nura. Yau za mu tattauna kan dokar kare bayanan sirri ta Tarayyar Turai, wato GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018. Nura, kai ne mai gina shafukan intanet, kuma na san kana da ƙorafi a kanta. Bismillah.

Nura: Anti Rabi, ƙorafina a kan hurumi ne. Turawa sun zauna sun yi doka, ba da ni aka zaɓe su ba, amma sashe na 3 ya ce ko a ina kake, muddin kana tallata hajarka ga mutanen da ke cikin Turai ko kana bibiyar abin da suke yi a intanet, ta hau kanka. Tarar kuma tana iya kai Yuro miliyan 20, ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara a duk duniya, duk wanda ya fi yawa. Wa ya ba su wannan iko?

Malam Sani: Ikon na mutanensu ne, Nura. A 2015 Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari. Ba su zo gonarmu sun hana mu fesawa ba, cewa suka yi in dai bakin mutanensu zai shiga, ga ƙa'ida. Bayanan ma haka ne. Kuma dokar ta fayyace cewa don kawai wani a Jamus ya iya buɗe shafinka, wannan bai isa ya ɗaure ka ba. Sai in su kake nema da ciniki, ko kana bin sawunsu.

Nura: To ai bin sawun ne matsalar, Malam. Kusan duk shafin da ya sa talla yana ɗauke da abin bibiya na Google ko Facebook. Shi ya sa ranar da dokar ta fara aiki, Los Angeles Times da Chicago Tribune suka rufe ƙofa ga masu karatu daga Turai baki ɗaya. Ba'amurken da ke zaune a Faransa ya wayi gari ba ya iya karanta jaridar garinsu. Wannan kariya ce?

Rabi: Nan kam ina jin zafinsa. Hana mutum labari ba ƙaramin abu ba ne.

Malam Sani: Da zafi, ban musa ba. Amma a tuna tun Afrilun 2016 aka amince da dokar, aka ba kowa shekara 2 ya shirya. A ranar da dokar ta fara aiki dai jaridar USA Today ta buɗe wa Turawa wani shafi na daban, babu talla babu abin bibiya, kuma waɗanda suka gwada sun ga yana buɗewa da sauri nesa ba kusa ba. Ashe yawancin nauyin da ke cinye wa mutum data ba labarin ba ne, masu leƙen ne.

Rabi: Bari in kawo abin da ya fi damun mai amfani da waya. Ka buɗe shafi, kafin ka karanta layi guda allo ya tare ka, wai ka amince da kukis, wato 'yan bayanan da shafi ke ajiyewa a wayarka don ya riƙa gane ka. Mutane sun gaji, dannawa kawai suke ba tare da sun karanta ba.

Nura: Yawwa. Wace yarda ce wannan?

Malam Sani: Nan ne nake so mu tsaya, don an fi ɗora wa dokar laifin da ba nata ba. Maganar neman izini kafin a ajiye kukis ta girmi GDPR, daga wata doka ce ta 2002 da aka yi wa gyara a 2009. Kuma kukis ɗin da shafi ke buƙata don ya yi aiki, kamar wanda ke tuna cewa ka shiga da sunanka ko ka zuba kaya a kwandon saye, ba ya buƙatar izinin kowa. Shafin da ba ya bibiyar ka, ba dole ba ne ya nuna maka allon nan. Duk inda ka gan shi, mai shafin ne yake son wani abu daga gare ka. Sannan dubi yadda ake tsara shi: maɓallin amincewa ƙato mai launi, na ƙi kuma an binne shi sai ka danna nan ka danna can. Da gangan ne. A Janairun 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa, CNIL, ta ci tarar Google Yuro miliyan 150, Facebook miliyan 60, a kan wannan kaɗai: ƙin amincewa ya fi amincewa wahala.

Nura: Na yarda da wannan. Amma Google zai biya ya wuce, yana da lauyoyi birjik. Mai ƙaramin shago fa, wadda ke sayar da atamfa da turaren wuta ga 'yan uwanmu mazauna Italiya da Beljiyam? Tana karɓar suna, adireshi, lambar waya. Dokar ta shafe ta. In aka sace bayanan, awa 72 gare ta ta kai rahoto. In abokin ciniki ya nemi a nuna masa abin da aka ajiye a kansa, wata guda gare ta. Ina ta ga lauya? Tsorona shi ne doka mai tsada manya take ƙarfafawa.

Malam Sani: Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma su kansu Turawa suna muhawara a kanta. Abin da zan ce kawai, manyan ba su sha ba. A Mayun 2023 hukumar kare bayanai ta Ayalan ta ci tarar Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, Yuro biliyan 1.2 saboda kwashe bayanan Turawa zuwa Amurka. Asalin shari'ar kuwa wani ɗalibin lauya ne ɗan Austiriya, Max Schrems, wanda bayan tonon asirin da Edward Snowden ya yi wa hukumomin leƙen asirin Amurka a 2013 ya ce bai yarda bayanansa su zauna inda hukumomin leƙen asirin Amurka za su iya kai hannu ba. Sau 2 kotun ƙolin Turai tana rushe yarjejeniyar musayar bayanai da Amurka a dalilinsa, a 2015 da 2020.

Rabi: Mutum guda! Ni abin da ya sa nake goyon bayan irin wannan doka, mun ga rashinta da idonmu. Manhajojin ba da rance sun riƙa kwashe lambobin wayar mutum, in ya makara biya su tura wa surukansa da abokan aikinsa saƙon cin mutunci. Akwai waɗanda har yau ba su iya haɗa ido da danginsu.

Malam Sani: Shi ya sa, Nura, ko ka toshe Turai ba ka tsira ba. Najeriya ta fitar da ƙa'idojinta a 2019 ta hannun hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, a Yunin 2023 aka sa hannu kan cikakkiyar doka, kuma tsarinta ya yi kama da na Turai sosai. Nijar tana da tata tun 2017, Ghana tun 2012. A Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta ci tarar Meta Dala miliyan 220. Ka ga mu ma mun hau kan kamfanin wata ƙasa.

Nura: Ta Meta ba ta dame ni ba, Malam. Ni dai ina nan kan bakana game da mai atamfa. A sassauta wa ƙanana takardu da rajista, a matsa wa masu cinikin bayanai.

Rabi: To me kake ce mata in ta zo ka gina mata shafi?

Nura: Kar ta karɓi abin da ba ta buƙata. Suna da adireshi da lamba sun isa a kai kaya, ranar haihuwa ba ruwanta da ita. In an gama ciniki an daɗe, ta goge. Abin bibiyar talla kuwa ba na sa mata sai ta san me yake yi.

Rabi: Mako mai zuwa za mu zauna kan manhajojin rancen nan, da inda wanda aka ci wa mutunci zai kai ƙara. Malam Sani, Nura, na gode. Sai mun sake haɗuwa.