"Wai Ana Sallama": Yadda Ƙwayar Yis Ke Jin Kiran Mai Nemanta

Ku dubi kullun masar nan, ya tashi har yana neman zubowa daga roba. Duk wanda ya ci masar Bauchi ya ci gumin yis. Shi yis halitta ne mai rai, ɗan uwan funfuna, sai an jera ƙwaya wajen 200 kafin su cika milimita ɗaya. Ba ido, ba hanci, ba ƙafa. Amma yana neman aure, kuma yana samu.

Jinsinsa biyu ne, "a" da "alfa", kowanne da sinadarin kiran da yake saki, wato feromon. Na alfa amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 13 ne a jere, na "a" kuwa 12.

Kiran ba ya shiga cikin ƙwayar. Kun san saurayi in ya zo zance, a ƙofar gida yake tsayawa ya aiki yaro: "Wai ana sallama da wance." To, a jikin fatar ƙwayar "a" akwai furotin mai suna Ste2 da ke gadin ƙofa, ya ratsa fatar sau 7 kamar zaren ɗinki, kai a waje, ƙafa a ciki. Sallamar alfa kaɗai yake amsawa. Ita alfa nata mai gadin Ste3 ne.

Da feromon ya zauna masa, sai Ste2 ya sauya siffa. Wani furotin mai suna G da ke maƙale da shi ta ciki ya saki ɗan sinadarin da ke riƙe shi a kashe (GDP), ya cafki mai kunna shi (GTP), ya rabe biyu. Ɓari ɗaya shi ne yaron aiken. Saƙonsa ya bi ta wasu furotin uku a jere: Ste11 ya taɓa Ste7, Ste7 ya taɓa Fus3, ƙwayar ta dakatar da haihuwa (wato tsiro da sabuwar ƙwaya daga jikinta), ta fara miƙo tsini ta gefen da kiran ya fi ƙarfi, har su haɗe su zama ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne Bar1, sinadarin da ƙwayar "a" ke fitarwa yana daddatsa kiran alfa. Kamar wauta ko? Ai in hayaƙin turaren wuta ya turnuƙe ɗaki, ba ka gane inda kasko yake sai ya ɗan lafa.

Mu ma muna da irin waɗannan masu gadi kusan 800, da su muke gani da jin ƙamshi. A kansu masana kimiyya Lefkowitz da Kobilka suka ci kyautar Nobel a 2012.

Af, kada wani ya je kasuwar Wunti ta Bauchi ya ce wa mai masa ana ɗaura aure a kullunta. Yis ɗin fakiti galibi ya riga ya yi nasa auren, tsiro kawai yake yi.