Ciwon albasa daga ƙasa yake fitowa

Lacca ga manoman rani a Tawa

Assalamu alaikum. Dattawa, iyayena mata, 'yan'uwa masu garka, sannunku da zuwa.

Duk wanda ya noma albasa a Galmi, Madawa ko Ƙwanni ya san wannan: ganye ya soma rawaya daga baki, ka tuge, ka tarar saiwa ta yi ja-ja ta ƙanƙance, ko gindin ya ruɓe da farar funfuna. Sai mutum ya ruga kasuwa ya sayo maganin feshi. To, Alhaji, ganye kake fesawa, ciwon kuwa yana ƙarƙashin ƙafarka. Funfunar da ke ruɓar da gindi, wadda masana ke kira Fusarium, tana iya kwantawa shekaru cikin ƙasa tana jiran albasa. Tana son zafi, kuma tana bin albasa har cikin rudu, shi ya sa wani ke ajiye kaya lafiya lau ya dawo ya iske wari.

Abin da ya kawo ni shi ne ku san ba kowace funfuna ce abokiyar gaba ba. Akwai wata, Trichoderma, koriya, wadda dama tana zaune cikin ƙasa mai rai. Tun 1932 wani masani mai suna Weindling a Amurka ya nuna tana naɗe zaren mugunyar funfuna ta cinye shi. Tana kuma rigan ta mamaye saiwa, ta kwashe abinci, mai ciwon ta zo ta rasa wurin zama. Manoman Indiya masu noman fenel, wani tsiro mai ƙamshi dangin karas, suna cuɗa irinsu da ita kafin shuka saboda ruɓar saiwa. Mu ma nan Nijar dabarar ba baƙuwa ba ce: an gwada funfunar Metarhizium a kan fara a ƙasar nan, ta kuma kashe ta.

Amma ku saurare ni da kyau nan, don nan ake yin asara. Garin Trichoderma da ake sayarwa cikin leda abu ne mai rai. In ya kwana cikin rana a kan tebur ɗin kasuwa, ya mutu, kuɗinka ya tafi. In ka haɗa shi da maganin kashe funfuna, da hannunka ka kashe shi. Kuma rigakafi ne, ba ya tayar da albasar da ta riga ta ruɓe. A cuɗa shi da takin gida wanda ya ruɓe sosai, a yayyafa ruwa, a rufe a inuwa kamar mako guda, sannan a zuba a fangalin iri. Ranar dashe a tsoma saiwar cikin ruwan da aka dama shi. Ƙasar da takin zamani kaɗai take gani ba ta da abin da za ta ciyar da shi, wannan kuwa yana damuna ƙwarai, don haka garake da yawa suke yanzu.

Sauran kun san shi: kada ruwa ya kwanta, kada a ɗauko dashe daga fangali mai ciwo, a hutar da wuri daga albasa shekara 3 ko 4.

Kafin ka sayi leda, duba ranar ƙarewarta, ka tambayi malamin gona ko ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar. Ka gwada a fangali biyu, ka bar biyu haka nan, ranar tugewa ka kwatanta saiwarsu. Malam na can baya, na ga hannunka, bismilla.