Gyaran Tadarishin Tsohon Alƙur'ani na Gado

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu saurare. Yau shirin namu ya sauka a wani ƙauye a ƙasar Ringim, muna zauren wani dattijo baduku, ga tsohon Alƙur'ani rubutun hannu a gabansa kan buzu. Baba, na ga tadarishin nan, wato bangon fatar da ke naɗe da littafin, ya tsage ta gadon baya, maɗaurinsa ma ya tsinke. Ta ina ake farawa?

Baduku: Wa alaikumus salam. Daga hannunka ake farawa, ɗana. Ka yi alwala, sannan ka goge hannu ya bushe ƙarau. Tawadar mutanen da, da ƙaro ake haɗa ta, ƙaro kuwa ba ya shiri da ruwa. Ɗigo ɗaya sai ya tafi da rabin aya. To sai ka zare takardun gaba ɗaya, ka ɗora su kan farin ƙyalle, ka danne da wani abu mai ɗan nauyi saboda iska. Littafinmu ba mai ɗinki ba ne irin bugun Masar, warƙa-warƙa yake, tadarishi ne kawai ke riƙe da shi.

Mai gabatarwa: In warƙoƙin suka hargitse fa, Baba?

Baduku: Marubucin ya riga ya yi maganin wannan. Dubi ƙasan shafin nan, ka ga kalma guda zaune ita kaɗai a kusurwa? Da ita warƙa ta gaba za ta fara. Bi ta, za ka jera su tsaf. Kada wanda ya sa lamba da biro. Kuma don Allah a daina kai su gari ana hudawa ana ɗinkewa, ko a like su cikin roba da injin zafi. An kashe littafi ke nan. Ɗaga wannan ka fuskanci ƙofa da ita.

Mai gabatarwa: Ikon Allah, ga jinjirin wata har uku a cikin jikin takardar!

Baduku: Ai tambarin masu yin ta ne. Takardar Italiya ce, irin wadda fatake suka riƙa kawowa Kano ta Tarabulus a bayan raƙuma a ƙarni na 19. Ka ga dalilin da ya sa ba a yi mata garaje.

Yanzu fatar. Wannan fatar akuya ce, jimar bagaruwa, rinin karan dafi. Kafin komai, goga ɗan yatsa a wani lungu nata. In ka ga jan gari ya biyo yatsanka, fatar ta mutu. Irin wannan ba a jiƙa ta, in ta sha ruwa baƙi take yi ta ƙandare. Sai dai a ɗinka sabon tadarishi, a naɗe tsohon a ajiye tare da littafin. Tamu kuwa, alhamdu lillahi, da sauran ranta. Sai a kaɗe ƙura da burushi mai laushi, shi ke nan.

Mai gabatarwa: Mutane da yawa kan shafa man gyaɗa ko man shanu don ta yi laushi.

Baduku: Na sani, kuma ba na so. Ranar za ta yi sheƙi, a ce an gyara. Da zafin bazara ya zo sai man ya ratsa ya shiga takarda, ya bar tabon da ba ya fita, ga kyankyaso da ɓera sun ji ƙamshi. Tadarishi ba takalmi ba ne.

Abin liƙi kuma, ba Super Glue, ba gam ɗin masu takalma, ba salatif. Sitaci za ka dama: cokali 1 na sitaci, cokali 5 na ruwa, a ƙaramar wuta, kana juyawa ba tsayawa har ya yi kauri ya yi garau. In ya huce ka tace da ƙyalle. Amfaninsa, ko bayan shekaru wani ya zo sake gyara, ɗan danshi kaɗan zai sa ya saki ba tare da ya yagi fata ba. Kaɗan za ka dama, don da wuri yake tsami.

Sai maho. Nemi fatar akuya siririya jimar bagaruwa, wajen majema. Ka guji ta kamfani, wadda in ka yanka za ka ga cikinta shuɗi-shuɗi. Yanka ta zarce tsagar da faɗin yatsa biyu kowane gefe. Nan ne aikin yake: ɗora ta kan dutse mai santsi, bayanta a sama, ka kwantar da aska kana fefe bakinta har ya koma kamar ɓawon albasa. In bakin ya yi kauri, tudu zai tashi, nan kuma tsohuwar za ta sake tsagewa. Sannan ka sa ɗan tsinke mai faɗi ka ɗaga leɓen tsohuwar fatar a hankali, ka shafa sitaci sama-sama a kan sabuwar, ka cusa ta ƙarƙashi. Sabuwa a ƙasa, tsohuwa a sama, don kada adon da baduku na farko ya buga ya ɓace. In kana ɗagawa ka ci karo da tsofaffin takardu manne a cikin bangon, kada ka zubar. Da ragowar takardu ake haɗa wasu bangwayen, wani lokaci har da wasiƙu.

Danne da tafin hannu, shimfiɗa farar takarda ciki da waje, ɗora allo da dutse, a bar shi a inuwa kwana biyu. Taɓa da bayan hannu. In da sauran sanyi, bai bushe ba, kada a mayar da warƙoƙi. Maɗauri kuwa a yanko sabo, a mayar masa da farin wurinsa na da a baki. Ɗauri sako-sako, don mai tsanani shi ke cinye gefen takarda.

Mai gabatarwa: Ajiya fa, Baba, ga damina tafe?

Baduku: A gafaka, a kwance, a bisa ba a ƙasa ba, nesa da jikin bango saboda gara. Ban da leda, gumi take tarawa, funfuna ta biyo baya. In ka ji warin danshi, buɗe shi a inuwa inda iska ke ratsawa, ba a rana ba. Amma in takardar kanta ce ke marmashewa, ko tawada ta cinye ta, wannan ya wuce aikin baduku. A tuntuɓi masu kula da rubuce-rubucen hannu a Jami'ar Bayero ko Arewa House da ke Kaduna kafin a taɓa.

Mai gabatarwa: Mun gode, Baba, Allah ya ƙara lafiya. Masu saurare, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.