Bidiyo Ma Yana Da Isnadi

[Hoto: rumfar mai cajin waya a bakin kasuwa, samari sun yi cincirindo a kan waya ɗaya]

Kun san irin wannan zama. Ana majalisa bayan la'asar, sai wani ya ɗago kai ya ce, "Kai jama'a, ku zo ku ga abin da aka yi a gabas." Daƙiƙa arba'in ne kacal. Hayaƙi, kururuwa, mata na gudu da goyo. Kowa ya yi salati, kowa ya ce a tura masa. Kafin a kira magariba ya gama zaga Sakkwato.

Sai wani dattijo ya ce, "To, wane ƙauye ne?" Wannan ya ce Sabon Birni, wancan ya ce Isa, wani ya ce ai Zamfara ce, tun bara ya gan shi. "Wa ya ɗauka?" Amsar ɗaya ce: "Ni ma turo min aka yi."

A nan shaidar ta mutu. Mai yiwuwa duk abin da ke ciki gaskiya ne, amma wanda ya yi aika-aikar zai ce tsohon bidiyo ne daga wata ƙasa, kuma babu mai iya ƙaryata shi.

Mu a garin Shehu bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san ba a karɓar hadisi don daɗin lafazinsa. Sai an tambaya: wa ya faɗa maka? Shi kuma daga wa ya ji? Idan aka samu giɓi a tsakani, darajarsa ta sauka. Lauya da alƙali da mai bincike haka suke yi wa bidiyo. A ina aka ɗauka, yaushe, wa ya ɗauka, hannun wa da wa ya bi, kuma an taɓa shi a hanya?

[Hoto: taswirar arewacin Kamaru, kusa da iyakar Najeriya]

Bari in ba ku labarin da ya fi nuna wannan. A watan Yulin 2018 wani bidiyo ya bazu a intanet: mutane cikin kakin soja sun tasa mata biyu da ƙananan yara biyu a gaba, suka rufe musu ido, suka harbe su. Aka zargi sojojin Kamaru, gwamnatin ƙasar ta ce labarin ƙarya ne. Wasu ma suka ce a Mali aka ɗauka.

Masu bincike na BBC Africa Eye, da na Amnesty, da wasu 'yan sa-kai suka zauna a kansa. Ba fuskokin suka fara dubawa ba. A farkon bidiyon akwai jerin duwatsu can baya. Suka zana siffar kan duwatsun, suka yi ta gwadawa da hotunan tauraron ɗan'adam, har ta dace da wani wuri kusa da Zelevet, dab da iyakarmu. Wuri ya samu. Saura lokaci. Suka duba gine-ginen da ke bidiyon, wanne aka riga aka gina, wanne ba a rushe ba tukuna. Suka ga wata 'yar hanyar ƙafa da ba ta bayyana sai da rani. Sannan suka auna inuwar sojojin a ƙasa, kamar yadda kakanninmu ke gane shigar azahar da tsawon inuwa. Inuwar ta ce tsakanin 20 ga Maris ne da 5 ga Afrilun 2015. A watan Satumban 2020 kotun soja a Yawunde ta ɗaure sojoji huɗu shekara 10 kowanne, na biyar shekara 2.

Dutse da inuwa ne suka tsaya shaida. Wanda ya ɗauki bidiyon bai ma san ya ɗauke su ba.

[Hoto: hannu riƙe da waya a kwance, yana juyawa sannu a hankali]

To kai da ka sani, ka ɗauke su da gangan. Riƙe wayar a kwance, da hannu biyu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Fara daga nesa. Juya a hankali ka nuna abin da ba ya tashi daga wurinsa: hasumiyar masallaci, tankin ruwa, allon makarantar firamare, wata tsohuwar kuka, gada. Kowane abu ka ba shi ƙirgen goma kafin ka wuce, don hoton da ke rawa ba ya karantuwa. Faɗi da bakinka ranar da sunan gari da lokaci. Bayan haka sai ka matso kusa: lambar mota, tambarin kaki, ramin harsashi a bango. Ƙaramin abu kamar kwanson harsashi, ajiye biro ko kwalin ashana a gefensa don a gane girmansa, kada ka ɗauke shi daga inda ya faɗi.

Kuma ka kame bakinka daga yanke hukunci. "Ga rumbu shida a ƙone" shaida ce. "Su wane ne suka yi" zargi ne, idan ba da idonka ka gani ba. Na san zuciya na tafasa a irin wannan lokaci, amma zagin da ka yi cikin bidiyo shi lauyan wancan ɓangaren zai riƙe ya ce da ma kana da ƙiyayya.

Ina so a ji ni da kyau a nan. Babu wanda ya ce ka tsaya ɗaukar hoto ana harbi. Gudu shi ne daidai. Yawancin shaidar da ke amfani washegari ake ɗaukarta: sawun babura, gidajen da aka ƙone, sababbin kaburbura, garken da ya zama fayau, takardar asibiti.

[Hoto: ana cire memori daga waya]

Yanzu ga inda mafi yawanmu ke yin asara. Duk bidiyon da waya ta ɗauka yana tafe da wasu bayanai a ɓoye: rana, sa'a, irin wayar, wani lokaci har da wurin. Da zarar ka tura shi ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar za ta matse shi, ingancin ya ragu, bayanan su zube. Haka Facebook. Don haka na asali ya zauna yadda yake. Kada a yanke, kada a ɗora masa waƙa ko rubutu, kada a sauya masa suna. Kwafe shi a memori, ka ba wanda ka amince da shi ajiya. Idan dole ka tura, bi ta inda ake tura takardu, a matsayin fayil. Sannan ka rubuta a littafi: na ɗauka ran kaza, na ba wane ran kaza. Isnadin ke nan.

Kada kuma ka ce ai na sa a intanet, ya tsira. A 2017 YouTube ya goge ɗimbin bidiyoyin yaƙin Siriya saboda na'urarsa ta ɗauke su a matsayin yaɗa ta'addanci. Mu ma nan mun ga yadda aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan a watan Satumban 2021. Ranar da babu sabis, abin da ke cikin memori ne kaɗai naka.

[Hoto: fuskar wata mata an dusashe ta, ana ganin hannuwanta kawai]

Sai maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. Wanda ka ɗauka gobe zai koma ƙauyensu, kai kuwa kana birni. 'Yan bindiga suna da waya, suna kallon TikTok, kuma suna da masu kai musu rahoto a cikin gari. Tsohon da ya faɗi sunan wanda ya kora masa shanu, idan fuskarsa ta fita, kai ka nuna shi. Kafin ka kunna kyamara ka gaya masa gaskiya: "Baba, wannan zai iya kaiwa ga kowa, har waɗanda suka yi maka haka. Ka yarda?" Idan ya ce a'a, magana ta ƙare. Idan ya yarda a ji muryarsa kawai, ɗauki hannunsa ko bayansa, kuma ka lura kada ƙofar gidansa ta fito.

Matar da aka ci wa zarafi, da yaro ƙarami, da gawa, waɗannan haƙƙinsu sutura ne. Hotonsu na iya zuwa hannun lauya ko likita. Ba na zaurukan WhatsApp ba ne. Uwa ba za ta so ta fara jin mutuwar ɗanta a wayar maƙwabci ba.

To ina za a kai? Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, tana da ofis a nan Sakkwato, kuma ba a biyan kuɗin shigar da koke. Akwai lauyoyi, akwai 'yan jaridar da ke tantance abu kafin su wallafa. Ba na yi muku alƙawarin bidiyo zai kawo adalci ba. A Amurka duniya ta ga yadda 'yan sanda suka lakaɗa wa Rodney King duka a 1991, amma kotun farko ta sallame su. Shekara 29 bayan nan wata yarinya 'yar shekara 17 ta riƙe wayarta ba ta sauke ba har George Floyd, wanda wani ɗan sanda ya danne wa wuya da gwiwa, ya daina numfashi, kuma a wannan karon an ɗaure ɗan sandan.

Idan naka ya kai gaban alƙali a Najeriya, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 zai nemi bayani a kan na'urar da ta samar da shi, da tabbacin tana aiki lafiya lokacin da aka ɗauka. Saboda haka wayar nan kada ka kai ta kasuwa ka yi musaya, ko da gilashinta ya tsage. Naɗe ta ka ajiye tare da littafin.