Wa ke yanka ganyen waken nan kamar da almakashi?

Jama'a, barkanmu da war haka. Ku dubi wannan ganye da kyau. A wata garka da ke bakin kogi nan Yamai muka tsinko shi. Kun ga gefensa? An cire masa yanki zagaye, sumul, kamar wanda tela ya yanka. Mai garkar ya ɗauka tsutsa ce, har ya fara haɗa maganin feshi. Amma cin tsutsa da na fara ba ya yin tsaf haka, bakinsa a yage yake. Wannan aikin wata ƙudan zuma ce, mai yankan ganye, wadda masana ke kira Megachile. Danginta sun kai iri 1,500 a duniya.

To, ta yaya za ku gane ta? Ku jira ta sauka kan fure, sannan ku dubi cikinta. Ƙudan zuman da muka saba da ita a ƙafafunta na baya take ɗaure garin fure. Ita wannan kuwa a ƙarƙashin cikinta take da gashi cunkus kamar buroshi, nan take kwasar garin, har cikin ya koma rawaya. Sau da yawa za ku ga ta ɗaga bayanta sama tana aiki. Jikinta a dunƙule yake, baƙi ko toka-toka, da ratsin fari a gadon baya. Kanta babba ne, muƙamuƙinta mai faɗi da haƙora, shi ne almakashin nata. Zanzaro da rina ƙugunsu siriri ne, ba za ku rikita su da ita ba.

Namiji ba shi da wannan buroshi, kuma ba ya yankan ganye. Aikin duk na mace ne.

Sanin takamaiman irinta kuwa sai an sa gilashin ƙara girma, an ƙirga haƙoran muƙamuƙi, an dubi launin gashin ciki. Saboda haka in za ku ɗauki hotonta don a gane muku ita, ku ɗauko fuska da gefe da ƙasan ciki, ku rubuta wuri da wata.

Yanzu ku biyo ni mu ga gidanta, don nan ne abin ya fi burge ni. Ba ta da amya, ba ta da sarauniya, ba ta tara zuma. Kowace mace ita kaɗai ke hidimar ƴaƴanta. Rami take nema mai faɗin fensir: cikin busasshen kara, ko gora, ko hudar da ƙwaro ya bari a jikin itace, ko tsagar bango. Wasu a ƙasa suke yi. Sai ta yanko ganye mai ɗan tsawo kamar ƙwai, ta naɗe shi tsakanin ƙafafunta ta tashi da shi, ta shimfiɗe bangon ramin. Ta zuba garin fure haɗe da ruwan zaƙinsa, ta saka ƙwai ɗaya tak, sannan ta yanko zagayayyen ganye ta yi marfi. Daga nan ta fara ɗaki na gaba. Haka ɗakunan ke jeruwa, mata can ciki, maza kusa da ƙofa, kuma mazan ne ke fara fitowa. Yankan bango da na marfi ne ya sa kuke ganin yanka iri biyu a ganye guda.

Akwai ma wata ƙudan zuma mai tsinin baya, Coelioxys, da ke fakon uwar ta fita, ta shiga ta saka nata ƙwan cikin abincin da aka tara.

Ganyen da ta yanka ba ya kashe shuka, kuma da wuya ta yi harbi sai an matse ta a hannu. Furen wake da danginsa kuwa tana buɗe su ta kai musu gari. A Amurka da Kanada kiwon wata irinta ake yi, Megachile rotundata, ana sayar wa manoma don luzan, wata ciyawar dabbobi dangin wake, ta yi iri. Mu nan kyauta take zuwa mana.

Don Allah, in kun ga wannan yanka, ku ajiye feshin. In ya zama dole saboda wani ƙwaron, ku bari sai rana ta faɗi, kuma ban da kan fure. Ku ɗaure busasshen kara mai rami, tsawon taƙi ɗaya, ku rataye ƙarƙashin rumfa inda ruwan sama ba ya dukansa. Ranar da kuka ga bakin wani kara ya toshe da koren ganye, ta shiga ke nan.