Sofbol a Makarantun Sakandaren Amurka: Dokokin Fili da Tsarin Kakar Wasa

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Yau za mu leƙa makarantun sakandaren Amurka, mu ga wani wasa da 'yan mata sama da dubu 300 ke bugawa kowace shekara da sunan makarantunsu, wato sofbol, nau'in da ake jifa da ƙarfi. Ɗan'uwan besbol ne, an ƙirƙiro shi a birnin Shikago a 1887, amma ya bunƙasa sosai a makarantu bayan dokar tarayya ta 1972 da ake kira Title IX, wadda ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin ɗalibai maza da mata, har a fagen wasanni.

Ga wanda bai taɓa kallo ba, ga yadda abin yake. Ƙungiyoyi biyu ne, ɗaya na tsaro da mutum tara a fili, ɗaya na bugu. Mai jifa ta jefo ƙwallo, mai bugu ta doke ta da sanda, ta kwasa da gudu. Tashoshi huɗu ne: ta farko, ta biyu, ta uku, sai gida, inda aka yi bugun. Duk wadda ta kewayo ta taka gida ta ci wa ƙungiyarta maki ɗaya. Idan mai bugu ta kai duka ta kuskure, ko ta ƙyale jifa mai kyau ya wuce tsakanin hammatarta da gwiwarta, alƙali ya ƙirga mata sitiraik, in sun kai uku ta fita. Idan kuwa mai jifa ta yi jifa huɗu marasa kyau, mai bugu ta tafi tashar farko salin alin. Da zarar masu tsaro sun fitar da mutum uku sai a yi musanya. Kowa ya yi bugu ya yi tsaro, zagaye ɗaya ke nan, kuma wasan sakandare zagaye bakwai ne.

To wa ke rubuta dokokin? Wata ƙungiya ce mai suna NFHS, mai hedikwata a Indiyanafolis, wadda ta haɗa hukumomin wasannin makarantu na jihohi. Ita ke fitar da littafin dokoki, tana sabunta shi duk shekara. Amma ku riƙe wannan da kyau, don za mu dawo gare shi: abin da ke faruwa a cikin fili ita ke tsarawa, amma ranar farawa, yawan wasanni da wanda ya cancanci bugawa, wannan hurumin kowace jiha ne.

Ku dubi filin. Daga tasha zuwa tasha ƙafa 60 ne, mita 18 da ɗan ɗori, alhali a besbol ƙafa 90 ne. Daga inda mai jifa ke tsayawa zuwa gida ƙafa 43 ne, kusan mita 13. A da ƙafa 40 ne, aka ƙara uku daga kakar 2010 zuwa 2011, saboda masu jifa sun fi ƙarfin masu bugu, ana ƙare wasa da ƙyar a taɓa ƙwallo. Ita ƙwallon rawaya ce shar, kewayenta inci 12, girmanta ya kai na babban lemu, kuma tauri gare ta. Sanda ba ta wuce inci 34 ba, kuma dole ta ɗauki tambarin amincewar hukumar USA Softball.

Ƙanƙantar filin nan ita ce sirrin wasan gaba ɗaya. Mai jifa tana wulwula hannu ya yi cikakken kewaye, ta saki ƙwallo daga ƙasa, dab da ƙugu, ba ta saman kafaɗa ba. Ƙwararriya a matakin sakandare kan kai gudun mil 60 a awa, kusan kilomita 97, kuma da yake tana yin tsalle gaba kafin ta saki, mai bugu ba ta da ko rabin daƙiƙa ta yanke shawara. Shekara da shekaru doka ta ce dole ƙafar baya ta ja ƙasa yayin wannan tsallen, alƙalai da kociyoyi suna ta jayayya a kan ko ta ɗaga ko ba ta ɗaga ba. Daga kakar 2024 aka sassauta: ƙafa biyu na iya barin ƙasa, muddin ba ta sake dasa ƙafar bayan ta yi wani yunƙurin ba kafin ta saki ƙwallo. A ganina gyaran nan ya yi daidai, domin dokar da ido ba ya iya tabbatar da ita rigima kawai take jawowa.

Su ma masu gudu an ɗaure su. A besbol mai gudu na iya matsawa daga tasharsa tun kafin a yi jifa. A nan babu hali. Dole ƙafarta ta kasance a kan tasha har ƙwallo ta bar hannun mai jifa, in ta yi gaggawa alƙali ya fitar da ita nan take. Dalili a fili yake: a tazarar ƙafa 60, yarinya mai sauri na isa tasha cikin kusan daƙiƙa uku, in aka ba ta damar matsawa ba mai iya tare ta. Sai kuma wata da'ira da ke kewaye da mai jifa, mai faɗin ƙafa 16. Da zarar ƙwallo ta dawo hannun mai jifa a cikinta, mai gudun da ke tsakanin tashoshi za ta iya tsayawa sau ɗaya tak, sannan ta zaɓa, gaba ko baya. In ta tsaya tana rawa tana yaudara, ta fita. Sababbin 'yan kallo kan rikice a nan, su ga an fitar da yarinya ba wanda ya taɓa ta.

Dokokin canji su ne suka fi burge ni, domin a nan ake gane cewa wasan makaranta ne. Duk 'yar wasan da aka cire, ko da ita aka fara ko daga benci ta shigo, tana iya komawa sau ɗaya, amma a gurbinta na jerin masu bugu. Koci na iya sa mutum goma a takarda maimakon tara: ɗaya ta yi bugu a madadin wata, ita waccan ta tsaya a tsaro, abin da ake kira DP da FLEX. Mai jifa ko mai cafka, wato wadda ke tsugune bayan mai bugu tana cafke jifa, idan ta isa tasha, wata daga benci na iya karɓar mata gudun don ta je ta shirya. Duk wannan ƙofa ce da ake buɗe wa ƙarin yara su taka fili, maimakon su ƙare shekara a zaune.

Kayan kariya ba a wasa da su. Mai bugu da mai gudu dole su sa hular kwano mai garkuwar fuska, mai cafka kuma ta ƙara da na ƙirji da na ƙauri. Duk wadda ta bugu a kai ta nuna alamar girgizar ƙwaƙwalwa, a cire ta nan take, ba za ta koma ba sai ma'aikacin lafiya ya amince.

Yanzu mu dawo ga jihohi. Littafin dokoki ya bar musu zaɓi a wasu abubuwa. Misali, idan wata ƙungiya ta yi wa wata fintinkau, jihohi da yawa na tsayar da wasa in tazara ta kai maki 10 bayan zagaye biyar, wasu ma maki 15 bayan zagaye uku. Idan aka yi kunnen doki bayan zagaye bakwai, wasu jihohin na fara ƙarin zagaye da mai gudu a tasha ta biyu don a gama da wuri.

Lokacin kakar ma ba ɗaya ba ne. Yawancin jihohi daga Fabrairu ko Maris suke farawa, su ƙare a Mayu ko Yuni. A jihohin arewa irin su Minesota da Mishigan, sau da yawa ana fara atisaye a cikin zauren motsa jiki, dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Jojiya, Okalahoma, Kolorado da Nebraska kuwa daga Agusta zuwa Oktoba suke bugawa, kuma wasannin ƙarshe na Jojiya a Kolombas ake yi, garin da aka buga sofbol karon farko a gasar Olamfik a 1996. Ayowa ta fita daban: tana buga nata a lokacin dogon hutu, a kammala a Fort Dodge cikin Yuli. Don haka za ka ga ɗalibar da ta riga ta karɓi takardar kammala makaranta tana sanye da rigar makarantarta, tare da wadda yanzu ta gama aji takwas, ajin ƙarshe kafin shiga sakandare.

Kowace jiha na ƙayyade ranar da aka halatta fara atisaye, da iyakar wasannin da ƙungiya za ta buga kafin gasar jiha, kuma yawancinsu na rarraba makarantu rukuni-rukuni bisa yawan ɗalibai, don kada makarantar ƙauye ta kara da ta babban birni. Akwai ma ranakun da aka hana koci taɓa 'yan wasansa kwata-kwata, kamar makon 4 ga Yuli a Jojiya. Ita ɗaliba galibi zangon karatu takwas take da su daga shigarta aji tara, ga iyakar shekaru, ga binciken lafiya kafin ta fara. In ta sauya makaranta ba tare da iyayenta sun ƙaura ba, jihohi da dama na dakatar da ita na wani lokaci, don kada makarantu su riƙa farautar yara masu hazaƙa. A Teksas tun 1984 akwai dokar da ta ce wadda ba ta ci jarrabawa ba ba ta wasa: ta samu ƙasa da maki 70 a darasi, ta zauna mako uku ba gasa, ko da ita ce tauraruwar ƙungiya.

Akwai wuri ɗaya da nake ganin dokokin sun yi sake. Tun 2017 aka wajabta wa jihohi ƙayyade yawan jifan da yaro zai yi a besbol da kwanakin hutunsa, amma littafin sofbol bai sa irin wannan iyakar ba, bisa tunanin cewa jifa daga ƙasa ba ya gajiyar da hannu. Sai ka ga yarinya 'yar shekara 15 ta yi jifa a wasa biyu ko uku a ranar Asabar ɗaya, washegari kuma ƙungiyar unguwa na jiranta. Likitocin wasanni sun daɗe suna ganin ciwon kafaɗa da na dantse a irin waɗannan yaran. Inda doka ta yi shiru, nauyin ya koma kan koci da iyaye, kuma kocin da ke da mai jifa ɗaya tilo da gasar jiha a gabansa ba koyaushe yake iya cewa ta huta ba.